Amsar Tambaya: Bututun Gas Zai Ratsa Gonata

Tambaya: Malam, ma'aikatan awo sun kafa turaku a gonar gadonmu, sun ce ta nan bututun gas zai bi. Shin ina da ikon hanawa?

Amsa: Ɗan'uwa, Allah Ya ba da haƙuri. Ka sani cewa tun da aka kafa Dokar Amfani da Ƙasa a 1978, wadda ta danƙa ƙasar kowace jiha amana a hannun gwamna, hukuma na da ikon karɓar fili saboda maslahar jama'a, kamar aikin bututun Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano da aka ƙaddamar a 2020. Amma sashe na 44 na Tsarin Mulkin 1999 ya wajabta biyan diyya ba tare da jinkiri ba, ya kuma buɗe wa wanda bai gamsu ba ƙofar kotu. Malaman fiƙihu ma sun halatta haka da sharaɗin ƙima ta adalci, suna kafa hujja da Sayyidina Umar, wanda ya rushe gidaje domin faɗaɗa Masallacin Harami bayan ya ajiye wa masu su kuɗinsu.

Saboda haka kada ka tumɓuke turakun. Ka nemi ganin takardar izninsu, ka tsaya da kanka ranar ƙidaya tare da mai unguwa da sauran magada, a rubuta kowace ɗorawa da mangwaro da rijiya, domin galibin diyya a kan shuka da gini take, ba a kan ƙasar kanta ba. Kada ka dangwala yatsa a takardar da ba a karanta maka ba, kuma in ƙimar ta gaza, ka tuntuɓi lauya tun kafin ka karɓi ko sisi.