Amsoshin Tambayoyinku: Mahaifiyar Shaihu Umar

Wani mai sauraronmu daga Ɗantutture, ta wajen Dutsin-Ma, ya aiko yana tambaya: mene ne muhimmancin mahaifiyar Umar a littafin Shaihu Umar, alhali ba ita ce tauraruwar labarin ba?

To, Malam, Allah ya ƙara ilimi. Haƙiƙa wannan littafi na Alhaji Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda aka fara bugawa a 1934, ko da yake sunan ɗan ya ɗauka, nauyin musibar da ke cikinsa a wuyan uwar ya rataya, domin shi Umar, da ƙaddara ta raba shi da uwarsa ta kai shi hannun wani mutum mai suna Abdulkarim, ilimi da daraja ya samu, amma ita, da ta fita nemansa tana 'ya, sai ta faɗa bauta, aka ƙetara Sahara da ita zuwa Murzuk, ba ta sake ganinsa ba sai a Tarabulus, inda ajali ya riske ta jim kaɗan bayan saduwarsu.

Saboda haka, da babu ita, da mai karatu ya zaci bauta ma tana iya zama alheri. Ita ce shaidar zaluncin cinikin bayi, ita ce kuma ma'aunin haƙƙin uwa. Allah ya saka wa iyayenmu mata da Aljanna, amin.