DARASIN KIWO: Ba Tsawon Ciyawa Ba Ne Ƙiba



Duk wanda ya daɗe a sana'ar nan ya san abu guda: san da aka sayo daga Abalak ko Tanut ƙarshen damina ya fi na kudu cika ido, alhali ciyawar arewa ba ta kai gwiwa ba, ta kudu kuwa tana shanye mutum a tsaye. Iyayenmu cewa suke ƙasar arewa albarka gare ta. Gaskiya ne, amma albarkar tana da sababi, kuma saninsa zai hana mu asara.

Ƙasarmu ta Sahel matalauciya ce wajen abinci biyu da tsiro ke bukata. Na farko naitirojin, wanda ke cikin takin yuriya, shi ke zama furotin mai gina nama. Na biyu fosfaras, mai gina ƙashi da saiwa. Daga 1976 zuwa 1980 masana na Mali da Holan sun yi bincike a makiyayar Niono, suka gano cewa in ruwan shekara ya wuce wajen milimita 300, to ba ruwa ke tauye ciyawa ba, ƙarancin abincin nan biyu ne. Ka ɗauki misalin fura. Dunƙule ɗaya ne, in ka dama shi a ƙaramin ƙoƙo ka sha mai kauri, in ka zuba masa ruwa cikin masaki sai ka sha tsararo. A kudu ruwa ya yi yawa, ciyawa ta yi tsawo, ɗan abincin da ke ƙasa ya watsu cikin kara. A arewa ciyawar gajera ce, amma kowace loma da nauyinta. Saniya na son furotin kamar kashi 7 cikin 100 na abin da take ci. In ya gaza haka, cin ma raguwa yake. Busasshen kara na rani sau da yawa ba ya wuce kashi 3 ko 4. Ka ga ciki tulu, baya kuwa ƙashi.

To amma ƙasa kaɗai ba ta gama magana ba, sai an dubi irin tsiron da ke kanta, don kowane da aikinsa. Karangiya da komayya da guɗe-guɗe masu saurin fitowa ne, shekara ɗaya suke yi su zubar da iri. Gamba saiwarta na nisa, tana tsira da rani, ita ke fara toho kafin sauran. Sai masu ɗan kwanso irin wake, wato gadagi da marak. Waɗannan ku kula da su. Ka tuge gadagi ka dubi saiwarsa, za ka ga ƴan ƙulle-ƙulle. Cikinsu akwai ƙananan halittu da ke ɗebo naitirojin daga iska su ba tsiron, in ya ruɓe ƙasa ta gāda. Sai dai aikin ba ya tafiya in ƙasa ba fosfaras. Shi ke nan abu ya zama sarƙa: ba fosfaras, gadagi ya yi rauni, gadagi ya yi rauni, naitirojin ya ragu, ciyawa ta zama holoƙo. Gawo ma danginsu ne, ga shi yana ba da ganye da ƴaƴa da rani, lokacin da komi ya bushe. Marak kuwa a yi hattara, in garke mai yunwa ya auka masa ɗanye farkon damina, kumburin ciki yake sawa, har kisa.

Wani zai ce to a zuba taki mana. A nan ne abin mamaki yake. A Ingila akwai wata makiyaya a Rothamsted da ake gwaji cikinta tun 1856 har yau. Inda aka dinga zuba takin naitirojin, ciyawa ta ƙaru amma ire-irenta suka ragu, ƴan kaɗan masu ƙarfi suka danne saura, dangin wake suka ja baya. Mu ba sai mun je Ingila ba. Dubi bakin rijiya, ko zangon da muke kwana da shanu shekara da shekaru. Kashi ya taru, kofato ya daddaɓe ƙasa, an cinye mai daɗi tun bai yi iri ba. Me ya rage? Tsaido da tafasa da garmani. Garmanin nan ya cinye burtali da yawa a jihar Maradi da Dosso, fili kore shar, saniya na tsaye ciki tana kuka. Mu fatake muna da hannu a ciki, kada mu ɗora wa makiyaya kawai.

Ni dai in zan kama wurin ajiye shanu kafin ranar kasuwa, ba na tsayawa daga nesa in ce wurin ya yi kore. Nakan shiga in tsuguna, in ƙirga iri nawa ne cikin taki goma. In na ga ciyawa iri-iri da gadagi a tsakani, ga gawo ko biyu, na biya ko da tsada. In iri ɗaya ne ya shimfiɗe, ko kyauta ne sai na yi tunani.

Sannan in kun ga shanu na tauna tsohon ƙashi ko tsumma, yawanci alamar ƙarancin fosfaras ce, kuma cin ƙashin mushe na jawo ciwon shanyewar jiki mai kisa. Kanwa da gishiri suna da amfaninsu, don su ake hawa Ingal kowace shekara, amma ba su maganin wannan. A nemi dutsen lasa mai fosfaras wajen malaman dabbobi, a haɗa da dusa ko ƙuli-ƙulin auduga kwanaki kaɗan kafin a kama hanyar Mai'aduwa ko Jibiya.