Tsoho da maƙwabtansa na tsakar gida

Tsarnawa gari ne na manoma da makiyaya a jihar Tawa. Yana bakin babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta nufi Damagaram, gabas kaɗan da Birnin Ƙonni. A nan ne hanyar Tawa ta rabu ta yi arewa. Dare da rana motoci ba su yankewa. Amma in ka bar bakin kwalta ka shiga cikin gari, ko ka leƙa ƙauyukan Malbaza da na Illela, za ka tarar da gida kamar yadda muka san shi. Ga zaure, ga rumbu, ga turken awaki, ga akurkin kaji, ga randa a inuwa.

Da an kai amfanin gona gida, samari da yawa sukan tafi biɗa. Wasu Nijeriya, wasu Abijan, wasu Libiya. Sai gida ya rage tsofaffi da mata da yara. Tsoho ya fi kowa zaman tsakar gida, don ƙafa ta yi nauyi. Mai zama wuri ɗaya kuwa yana ganin abin da mai gaggawa ba ya gani. Shi ya sa tsoho ya san maƙwabtanmu waɗanda ba mutane ba: tsuntsaye, da ƙadangaru, da kwaɗi, da sauransu. Ya san mai amfani, ya san mai cuta. Wannan sani dukiya ce, kuma tana tsufa tare da masu ita.

Masu aikin rana

Hausawa suna cewa albarkacin kaza ƙadangare ke shan ruwan kasko. To, amma ƙadangare yana biyan kuɗin ruwan da ya sha. Dube shi da hantsi bisa katanga, yana kaɗa kai. Abinci yake jira. Abincinsa tururuwa, da gara, da ƙananan fara, da ƙwari iri iri. Ba shi da dafi. Abin da za a kiyaye ɗaya ne: a rufe randa da tulu, don kashinsa yana ɓata ruwan sha.

Hawainiya ma ba ta da dafi, ko da yake yara suna tsoronta. Tana harba dogon harshenta ta kama ƙuda ko fara. Balbela kuma tana bin shanu da tumaki. Duk ƙwaron da ƙafar dabba ta tayar daga ciyawa, ita ke cafke shi.

Shamuwa

Duk manomi ya san shamuwa. Tana isowa ƙasarmu a ƙarshen bazara, wajen watan Afrilu zuwa Mayu. Ba ta gudun mutane. Cikin gari take yin sheƙarta, bisa tsamiya, ko gawo, ko kuka. Takan yi ƙwai biyu ko uku. Da fara da tsutsar gona take ciyar da ƴaƴanta. Ke nan, duk abin da ta kai sheƙa an rage wa hatsi abokin gaba.

In damina ta ƙare sai ta tashi. Tana tafiya mai nisa zuwa gabashi da kudancin Afirka, irin su Tanzaniya da Zambiya. Lokacin da muke rani, su suna damina. Ruwa take bi, don inda ruwa yake nan fara take. In shekara ta kewayo takan dawo wurin da ta saba.

Shi ya sa in yaro ya ɗauki dutse, za ka ji kakarsa ta daka masa tsawa da wasa: "Kai maigidana, aje dutsen nan! Wagga baƙuwarmu ce, kak ka jehe ta." Tsohuwa tana da gaskiya. Amma ta san wani abu kuma. Ganin shamuwa alama ce damina ta kusa. Shuka dai sai ƙasa ta sha ruwa sosai. Wanda ya zuba irinsa don ɗan yayyafin farko, sau da yawa sai ya sake shuka.

Masu aikin dare

In mun kwanta, wasu ma'aikata suke tashi. Ta farko mujiya. Mutane da yawa ba su son ta. Suna cewa kukanta mugun labari ne. Mutuwa da rayuwa a hannun Allah suke, tsuntsuwa ba ta da iko da su. Abin da ke kawo mujiya gida ɓera ne. Farar mujiya ɗaya tana iya cin ɓera uku ko huɗu a dare guda. Yi lissafi da kanka. In ta ci uku kullum, cikin wata ɗaya ta ci 90. Tuna hatsin da ɓera 90 za su ci a rumbunka.

Ta biyu bushiya. Tana fitowa bayan magariba tana shinshina ƙasa. Tana cin ƙwari da tsutsa, har kunama takan ci. Na uku kwaɗo. Da damina yana zama gindin randa ko bakin rariya, yana lashe ƙwarin da hasken fitila ya tara. Sai ƙananan jemagu, masu shawagi da almuru. Suna cin sauro da sauran ƙwari masu tashi. Jemage dai ba abin wasa ba ne. Kada yara su kama shi da hannu, don yana iya ɗauke da cuta.

Duk waɗannan ba su neman lada. Abin da suke so a bar su da ransu. Maganin ƙwari da ake fesawa barkatai yana kashe su tare da ƙwarin. A yi feshi da awo, bisa shawarar malamin gona. Kada a aje maganin a ɗakin kwana. Kada a zuba ruwa ko mai cikin galan ɗin da ya ƙare.

Ina ungulu?

Tambayi duk wani tsoho. Zai gaya maka a da ungulu cike take da mahauta da kasuwa. Yanzu a garuruwa da yawa sai a daɗe ba a ga ko ɗaya ba. A shekarar 2015 ƙungiyar UICN, mai lura da halittun duniya, ta sa ungulun nan ta cikin gari a jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa.

Dalilan sanannu ne. Wasu suna sa guba cikin mushe don kashe karnuka ko dila, sai ungulaye su taru su ci, su mutu gaba ɗaya. Wasu suna kama ta su sayar da kanta da ƙafafunta ga masu haɗa magani. Manyan itatuwan da take sheƙa kuma an sare su. Ita kuwa ƙwai ɗaya tak take yi a shekara. In an kashe goma, maye gurbinsu sai an daɗe.

An ce ungulu ba ta jewar banza. Aikinta share gari. Takan cinye mushe kafin ya ruɓe. Inda babu ita, mushe yana kwana yana wari, ƙudaje da karnuka su taru a kansa, cuta ta sami hanyar shiga gida.

Waɗanda ake tsoro

Ba kowane maƙwabci ne na kirki ba. Akwai kunama, akwai sauro, akwai maciji. Cikin macizai, kububuwa ta fi yi wa manoma ɓarna. Ƴar ƙarama ce, ba ta cika wuce rabin mita ba. Launinta kamar ƙasa. Da dare take yawo. Dafinta yana hana jini daskarewa. Mutum yana iya ganin kamar ya ji sauƙi, daga baya jini ya riƙa fita ta dasashi ko ta fitsari.

In maciji ya sari mutum, ga abin da za a yi:

1. A kwantar da shi, a kwantar masa da hankali. Kada ya yi gudu.
2. A cire zobe, ko munduwa, ko takalmi, kafin wurin ya kumbura.
3. Kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure shi tamau da igiya.
4. A ɗauke shi a amalanke ko mota zuwa gidan likita mafi kusa, nan take.

Allurar kashe dafi a asibiti ake yin ta. Manyan asibitocin da ke kusa da mu su ne na Birnin Ƙonni da na Galmi, wanda aka buɗe tun 1950. A 2017 hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta sa saran maciji cikin manyan cututtukan da aka yi sakaci da su.

Rigakafi ya fi magani. Maciji ɓera yake bi. Ɓera kuma hatsi yake bi. Don haka kada a tara buhunan hatsi ko itacen wuta a ɗakin da tsoho ke kwana. A share ciyawar bayan ɗaki. A toshe ramuka.

Jikin tsoho

Tsufa ba cuta ba ce, amma tana rage ƙarfi. Ido ya dushe, kunne ya yi nauyi, gwiwa ta riƙe. Abin da saurayi zai gani ya tsallake, tsoho yana iya taka shi. Saboda haka ƴan gida su kula da waɗannan abubuwa.

A aje masa cocila da sanda kusa da shimfiɗa, don fita da dare. A kakkaɓe takalminsa da safe, don kunama tana son kwana ciki. A ɗaura masa sange, a cusa bakinsa ƙarƙashin shimfiɗa. Sange yana tsare sauro, yana tsare kunama da maciji ma. A kawar da turmi da igiyar awaki daga hanyar da yake bi, don karayar tsoho tana da wuyar ɗori.

Da bazara, zafi a ƙasarmu yana wuce awo 40. Tsoho ba ya jin ƙishirwa da wuri kamar yaro. Kada a jira sai ya roƙa. A riƙa miƙa masa ruwa, da fura, da kunu. In yana ta rufe masa ido, kada a ce ai tsufa ne kawai. Yanar ido ana cire ta a asibiti, mutum ya koma gani.

Itace shi ne gidansu

Tsoho da tsuntsu abu ɗaya suke nema da rana: inuwa. Wanda aka haifa a 1955 yana da shekara 18 lokacin farin 1973. Yana da shekara 29 lokacin yunwar 1984. Ya ga farar dango ta 2004 da ƙarancin abincin 2005. Ya ga yadda itatuwa suka mutu, aka sare saura aka sayar. Ya ga iska tana binne shuka da rairayi. Da itatuwa suka tafi, tsuntsaye suka bi su.

Amma ya ga gyara kuma. A 1975 ƙungiyar CARE da ma'aikatan gandun daji suka fara dasa layukan dogon yaro a kwarin Magiya, cikin ƙasar Buza, don tare iska. Daga 1983 aka fara sassabin zamani a jihar Maraɗi. Dabarar mai sauƙi ce. In kututture ya yi toho a gona, ba a ƙone shi. Sai a zaɓi rassa biyu ko uku masu ƙarfi a bar su, a datse saura. Cikin ƴan shekaru sun zama itace. A 2009 masu bincike sun ƙiyasta cewa manoman Nijar sun raya itatuwa kusan miliyan 200 ta wannan hanya, a fili mai faɗin hekta miliyan 5.

Dubi gawo. Da damina yana zubar da ganye, ba ya tsare wa hatsi rana. Ganyen ya zama taki. Da rani ya yi kore, ya ba da inuwa, ƴaƴansa su ciyar da awaki. Shamuwa ta sami wurin sheƙa. Wanda ya bar gawo ɗaya ya yi wa gona, da dabba, da tsuntsu, da tsoho alheri a lokaci guda.

Aikinsa da aikinmu

Tsohon da ya aje hauya bai gama aiki ba. Shi ke tsaron ɗan itacen da aka dasa kada akuya ta cinye. Shi ke zuba ruwa a kasko don kaji da kurciyoyi. Shi ke nuna wa jika sawun bushiya da sawun maciji. Shi ya san itacen da shamuwa ke sauka tun yana yaro. An ce da tsohuwar zuma ake magani.

Mu kuma Allah ya ba mu abin da yawancin iyayenmu ba su samu ba. Mun iya karatu da rubutu. Tsoho in ya rasu, abin da ke kansa yakan bi shi. Abin da aka rubuta kuwa yana nan. Ɗan da ya dawo daga biɗa zai karanta. Jikan da ba a haifa ba tukuna zai karanta. Mu ɗauki littafi da alƙalami mu zauna kusa da su tun suna da rai, mu tambaya da ladabi: "Baba, mi kuka gani a da wanda babu shi yanzu?"

Tambayoyi

1. A wane lokaci shamuwa take zuwa? Ina take tafiya da rani?
2. Me ke kawo mujiya gida?
3. Faɗi dalilai uku da suka sa ungulu ta ragu.
4. Waɗanne abubuwa uku ne ba a yi wa wanda maciji ya sara?
5. In mujiya tana cin ɓera 3 kowane dare, nawa za ta ci cikin kwana 60?

Aikin gida

Ka je wurin wani tsoho ko tsohuwa a unguwarku. Ka rubuta sunayen tsuntsaye biyar da dabbobi biyar da suka sani tun suna yara. Ka sa alama a gaban waɗanda ba a gani yanzu. Ka zo da takardarka aji, mu karanta tare.