Kwikwiyo da Ragowar Miya

Karatun yau: Karin Magana 12:10

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, nassin yau ya haɗa adalcin mutum da yadda yake kula da ran dabbarsa. Karen da ke tsaron gidanka a Birnin Kudu, ko gonarka a Gwaram, amana ce daga Ubangiji.

Mukan zuba wa kwikwiyo ragowar miya saboda tausayi. Amma albasa da tafarnuwa suna lalata jajayen ƙwayoyin jinin kare, kuma dahuwa ba ta kashe dafin. Goro da cakulan kuwa suna sa zuciyarsa bugawa da sauri, jikinsa ya yi ta rawa. Da yake kwikwiyo ƙarami ne, abin da babban kare zai jure yana iya kashe shi.

Illar albasa ba ta nunawa nan take. Sai bayan 'yan kwanaki ka ga ya yi kasala, yana haki, dasashinsa ya yi fari, fitsarinsa ya yi ja. Kada ka jira sai ka ga haka. Da zarar ka san ya ci, kai shi wurin likitan dabbobi, ka faɗi abin da ya ci da yawansa. Manja ko madara ba maganinsa ba ne.

Abin yi yau: Kwikwiyo bai san abin da zai cuce shi ba, kai ne ka sani. Rufe tukunya, ka kuma koya wa yara.

Addu'a: Ya Uba, ka ba ni zuciyar kula da dukan abin da ka danƙa a hannuna. Cikin sunan Yesu, Amin.