Darasi: Wayar da ke Ƙarƙashin Teku

Ranar Alhamis 14 ga watan Maris na 2024, a farkon azumi, mutane da yawa a Nijeriya da Gana da wasu ƙasashen Afirka ta Yamma suka wayi gari intanet ba ta aiki sosai. Mai aika kuɗi ta waya ya danna, saƙo ya ƙi tafiya. Mai POS a bakin kasuwa ya zauna jugum. Wasu bankuna sai haƙuri suka yi ta ba jama'a. Laifin ba na wayar hannu ba ne, ba kuma na ƙarfen sabis ba. Matsalar tana can cikin teku, daura da gaɓar ƙasar Kwaddibuwa, inda manyan wayoyi huɗu suka lalace lokaci guda: SAT-3 da WACS da ACE da MainOne. An fi zaton ƙasa ce ta zaftare a ƙarƙashin ruwa ta danne su.

To, me waya take yi a cikin teku?

Da yawa suna zaton saƙon intanet ta sama yake bi. Gaskiya ne daga wayar hannu zuwa ƙarfen sabis ta iska yake tafiya. Amma daga nan sai ya shiga waya. In ƙasar waje za shi, fiye da kashi 95 cikin 100 na irin wannan saƙo ta wayoyin da aka shimfiɗa a ƙasan teku yake bi. Tauraron ɗan'adam kaɗan yake ɗauka. A wuri mai zurfi kaurin wayar bai wuce na sandar makiyayi ba. A cikinta akwai zaren gilashi, siriri kamar gashin kai. Magana da hoto da lissafin banki duk ana mayar da su haske, hasken ya bi ta cikin zaren nan. Da yake haske yana raunana in ya yi nisa, sai aka sa na'urori jefi-jefi a jikin wayar suna ƙara masa ƙarfi.

Dabarar ta daɗe. A 1858 aka fara shimfiɗa wayar tangaraho a tekun Atilantika tsakanin Turai da Amurka ta Arewa, amma mako uku kawai ta yi ta mutu. Sai a 1866 aka samu wadda ta ɗore. Ta zaren gilashi kuwa a 1988 ta fara ƙetare wannan teku.

Aiki ne mai cin kuɗi ƙwarai. Shi ya sa kamfanoni suke yin irin abin da manoma ke yi in za su sayi injin ban ruwa: kowa ya kawo nasa, a saya tare, kowa ya yi amfani gwargwadon abin da ya zuba. Wayar 2Africa, wadda aka bayyana shirinta a 2020, tsawonta kilomita 45,000 ne, ta zagaye Afirka, ta haɗa ƙasashe 33. Cikin masu ita akwai Meta, mai Facebook da WhatsApp, akwai MTN da Orange da Vodafone da China Mobile. Wasu daga cikinsu kishiyoyin juna ne a kasuwa, suna rububin masu saye. Amma a teku sun haɗa kai, domin babu wanda yake son ya ɗauki asarar shi kaɗai. Kada mai karatu ya ɗauka sadaka ce. Meta ya san duk wanda ya samu intanet mai araha zai ƙara daɗewa a dandalinsa, a nuna masa talla, kuɗi su shigo. Lissafin Google ke nan ma da ya kawo tasa wayar, Equiano, Legas a 2022.

'Yan ƙasa ma sun taɓuka. Kafin 2010 SAT-3 kaɗai Nijeriya ta dogara da ita, kuma hayarta tsada. A wannan shekara wata injiniya, Funke Opeke, ta kawo MainOne daga Fotugal zuwa Legas, tafiyar kilomita 7,000, kamfanin Globacom kuma ya kawo Glo-1. Da gasa ta shigo sai farashin sari ya faɗi warwas. A 2022 kamfanin Equinix na Amurka ya saye MainOne a kan dala miliyan 320.

Yawan wayoyin nan shi ya rage asara a 2024. Kamfanoni suka karkatar da saƙonni ta waɗanda ba su lalace ba, kamar yadda direba kan sake hanya in gada ta karye. Gyaran kansa ya ci makonni. Jiragen ruwa masu wannan aiki ba su da yawa a duniya. Sai jirgi ya zo daga nesa, ya nemi izinin ƙasar da ke da ruwan, ya jefa ƙugiya ya janyo wayar sama, a haɗa zaren ɗaya bayan ɗaya, a mayar. A shekara ana samun irin wannan lalacewa sau 150 zuwa 200 a duniya, yawanci saboda komar masunta ko angar jirgi. Don haka hukumar sadarwa ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta kafa kwamitin ba da shawara kan kare wayoyin a ƙarshen 2024, aka yi babban taronsa a Abuja a watan Fabrairu na 2025.

Sai dai waya ta iso gaɓar teku daban, ta iso ƙauye daban. Nijar ba ta da teku, dole ta bi ta ƙasashen maƙwabta irin su Benin da Nijeriya. A Nijeriya ma sai an haƙa rami an binne waya daga Legas har Kano ko Maiduguri, tafiyar fiye da kilomita 1,000, kuma jihohi da yawa suna karɓar kuɗin haƙa a gefen hanya. An daɗe da amincewa kan naira 145 a kowace mita, wasu jihohi suka yafe kuɗin gaba ɗaya, wasu suka ci gaba da karɓar abin da ya ninka haka. Kamfani kuwa inda kuɗin haƙa ya yi sauƙi nan yake fara kai wayarsa. A 2024 gwamnatin tarayya ta amince da shirin shimfiɗa ƙarin kilomita 90,000 na wannan waya a cikin ƙasa.

Aikin aji: malami ya kawo taswirar Afirka, ɗalibai su nuna Legas da Kwaddibuwa da Fotugal, sannan su auna nisan garinsu daga bakin teku.