Darasin Lafiya: Ƙwayoyi Masu Rassa da Sankarar Ƙwaƙwalwa

'Yan'uwa, manomin Danja ya san halin ƙuduji a gonar dawa. Yakan kama saiwa a ƙarƙashin ƙasa ya yi ta tsotsa, kafin furensa ya fito fili ɓarna ta riga ta yi nisa. Haka sankarar ƙwaƙwalwa take. Amma jikin mutum yana da masu tsaro.

Su wane ne masu rassa?

A 1973, a Jami'ar Rokafela da ke birnin Niyok, Ralph Steinman da Zanvil Cohn suka gano wasu ƙwayoyin halitta na garkuwar jiki masu siffar itace mai rassa. Aikinsu leƙen asiri ne. Sukan yagi guntun abokin gaba su kai shi kaluluwa, su nuna wa mayaƙan jini da ake kira ƙwayoyin T, kamar yadda maharbi yake sa karensa ya sansana sawun nama. Sai mayaƙan su fita farauta. An ba Steinman lambar yabo ta Nobel a 2011, kwana uku bayan sankara ta yi ajalinsa.

Me ya sa sankarar ke rinjaye?

Mafi muni cikin sankarorin ƙwaƙwalwa ita ce giliyobilastoma. Takan fitar da sinadarai masu sanyaya gwiwar masu rassa, har su ga ɓarawo su kasa yin kururuwa. Ko da tiyata da gashi da magani, rabin majiyyata ba sa wuce kimanin wata 15.

Dabarar likitoci

Sai a ɗebi jinin majiyyaci, a reni masu rassa a ɗakin gwaji, a gauraya su da naman sankarar da aka cire masa, sa'an nan a mayar masa da su ta allura. Ayarin Dokta Linda Liau ta Amurka ya gwada wannan a kan mutum 331. Sakamakon 2022 ya nuna 13 cikin ɗari na sababbin majiyyata sun kai shekara 5, alhali cikin waɗanda aka kwatanta su da su ba a kai 6 ba. Masana suna muhawara a kan yadda aka yi kwatancin, kuma allurar ba ta zama maganin yau da kullum ba tukuna.

Abin da ya rage gare mu

Ciwon kai mai tsanani da asuba tare da amai, farfaɗiyar da ta fara wa babba, mutuwar ɓarin jiki, ko dushewar gani, kada mu ce iska ce ko sammu. A hanzarta zuwa asibiti, a nemi takardar turawa zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, Zariya. Ba kowace tsirowa a ƙwaƙwalwa ce muguwa ba, da yawa tiyata takan warkar. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.