Yadda Ake Haɗa Kiɗan Kwamfuta Mai Ƙamshin Gida

A yau matashi a Zagga ko Bagudo yana iya haɗa waƙa da kwamfuta ɗaya, makirufo da manhajar FL Studio. Sai dai sautukan da ke cikin manhajar kowa ma yana da su, shi ya sa waƙoƙi da yawa suke fitowa kamar an tsaga kara. Maganin wannan yana bakin ƙofarka.

Da farko, samo karin waƙar kafin ka kunna na'ura. Rera amshin kana tafi har ya zauna a bakinka, sannan ka daidaita saurin manhajar da tafinka.

Na biyu, gayyato makaɗin kalangu ko mai goge. Shiga ɗaki mai shiru, jingina katifu a bango don su shanye amsa-kuwwa, a kai janareta nesa. Bar makaɗin ya yi ta kiɗa kana naɗa.

Na uku shi ne yankan sautin, kuma a nan gwaninta take. Kalangu magana yake yi: makaɗi na matse tsarkiyarsa a hammata, murya ta hau, ya sassauta ta sauka. In ka yanko bugu ɗaiɗai, ka kashe maganar. Yanko jimla sukutum, ka maimaita ta. Kada ka bar manhaja ta jera kowane bugu daidai wa daida, domin ɗan jinkirin nan na hannun mutum shi ke motsa ƙafar mai rawa.

Na huɗu, ɗora fiyano da kiɗa mai kauri a ƙasa, su bi bayan kalangun. Wannan haɗin ba sabo ba ne: tun a 1978 wani makaɗi, Mamman Sani, ya naɗi kaɗe-kaɗen Nijar a Yamai da ogan mai aiki da lantarki, aka sake fitar da faifan a 2013, duniya ta saurara. Na'urar baƙuwa ce, karin kuwa na gida.

Na biyar, ɗauki murya. Auto-Tune, wadda ta fito a 1997, tana gyara kaucewar murya, amma a sa ta kamar gishiri a miya. Hausa harshe ne mai karin sauti. In aka matsa gyara, hawa da saukar kalma sai su gurɓace. In mawaƙin na jin Dandanci ko Fulatanci, saka baiti guda da su, waƙar ta ƙetara har kasuwannin Benin.

A ƙarshe, daidaita ƙarar kowane sauti yadda kiɗa ba zai danne murya ba. Tura waƙar a ƙaramar waya, ka kuma gwada ta a lasifikar gidan biki, don a nan jama'a za su ji ta. Idan dattijuwa ta ji ta gane kiɗan garinsu tun mawaƙi bai buɗe baki ba, aikinka ya nuna.